Koren Zare a Hayaƙin Turare

Ni tela ce, karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba. Wanda yake son sanin zurfin aikin Dokta Huseina sai ya tambayi abokan aikinta na jami'a. Sun zo ta'aziyya, sun faɗi kyawawan abubuwa a kanta, rabinsu ban gane ba. Wadda na sani ita ce Huseinar da muka yi wasan ƙasa tare a Kazage, wadda nake yi wa ɗinki tun ranar da na fara taka keke. Ita nake so in rubuta. Allah ya haskaka makwancinta.

Tagwaye ne, ita da Hassana. A wurinmu ba a ba ɗan tagwaye abu a hana ɗan'uwansa. Ko ƙuliƙuli ne sai a ɓantara biyu. In ka saya wa ɗaya ɗankwali, to ka nemo irinsa sak, in ba haka ba tsofaffi su ce ka jawo wa kanka fushin tagwaye, kunama za ta iske ka a shimfiɗa. Mahaifiyarsu, Inna Maiturare, ta riƙe wannan al'ada da hannu biyu. In ta mari ɗaya saboda laifi, sai ta ɗan taɓa kumatun ɗayar, wai kada a ce ta bambanta. Sana'arta turaren wuta. Matan Fulani ne suke kawo mata ƙaron itacen hano mai ƙamshi daga wajen dajin Kamuku, a lokacin da ba abin tsoro a daji sai maciji da ƙudan tsando, ita kuma ta haɗa shi da kajiji da sauran abin da ba ta faɗa wa kowa. Ko a duhu ka wuce tagwayen nan, ƙamshin kayansu zai gaya maka 'ya'yan wa ne.

Makaranta ce ta fara raba su. Malaminmu na aji uku na firamare, Malam Abarshi, ya kasa gane wace ce wace. In ya kira Hassana su amsa tare, in ya kira Huseina su yi shiru tare, mu kuma mu fashe da dariya. Ranar da abin ya ishe shi, ya buga tebur ya ce:

"Yau zan raba wannan tsiyar. Ɗaya bencin gaba, ɗaya bencin baya. Ku zaɓa da kanku."

Hassana ta ɗauki jakarta ta ce, "Malam, ni ce babba, na riga ta fitowa. Babba juji ne. Ta zauna gaba."

Ta zo bencin baya ta zauna kusa da ni.

Daga nan karatun Hassana ya fara lalacewa. Sai ta ƙanƙance ido tana kallon allo kamar mai jin haushinsa, ta kwafi abin da ba shi aka rubuta ba. In an tambaye ta sai ta ce allin malam ne ba ya fita. Ta sha bulala. Muka sa mata suna Mai Hararar Allo, ni ma ina cikin masu kiranta da shi. Aka yanke cewa a tagwayen Maiturare ɗaya ce ta kwashe ƙwaƙwalwar duka.

Da aka yi jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata, Huseina ta ci, Hassana ta faɗi. Inna ta ce ba inda za a je, ba a raba tagwaye. Hassana ce ta yi ta lallashinta har ta yarda, amma da sharaɗi. A gabana ta riƙe kunnen Huseina ta ce, "Duk abin da kika samo a can, rabi na 'yar'uwarki ne. Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji, Inna."

Ta kuwa ji. Sabulun da ake raba musu, rabi take dawowa da shi. Da ta ci kyautar littafi, sai da ta rubuta sunayensu biyu a bango. Bayan ta fara aiki, atamfa biyu iri ɗaya take aiko mini duk sallah, in ɗinka ɗinki ɗaya. Ko awo ba na sakewa, jikinsu ɗaya ne.

Tana shekarar farko a jami'a a Zariya sai ga ta a Kazage ba hutu ba komai. A lokacin Hassana ta yi aure gidan Malam Ja'afaru, tana goyon fari, ta kuma gaji sana'ar Inna. Huseina ta biyo ta gidanmu, ko ruwa ba ta sha ba ta ce in raka ta. Muka iske Hassana a tsakar gida tana dakan kajiji. Huseina ta ciro wani tabarau da ta aro wurin wata 'yar ɗakinsu, ta ɗora mata a fuska.

"Yaya, dubi ɗorawar can."

Hassana ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallo, taɓarya a hannu. Sai ta ce, "Ikon Allah! Ashe daga nan ana ganin ganyen bishiya ɗai-ɗai?"

Huseina ta ɗauki gawayi ta je bangon can nesa ta yi rubutu ƙanana. Hassana ta karanta tsaf, ba gargada. Sai Huseina ta durƙushe a gindin bangon ta fashe da kuka.

A hanyar komawa ta ba ni labari. A makon nan aka koya musu yadda haske yake shiga ido, da yadda wani idon yake ganin na kusa ya kasa ganin na nesa, da yadda ɗan gilashi yake gyara wannan. Ta ce tana zaune a aji sai ta ga Hassana a bencin baya tana ƙanƙance ido.

"Zulai, ba daƙiƙiya ba ce. Allon ne ba ta gani. Ni idona lafiya lau, ko daga bakin ƙofa zan karanta. Da ni na koma baya ita ta zauna gaba, da mun ci tare."

Na ce, "Ke kika sani? Yara muke."

Ta ce, "Na ji daɗi da ta ce in zauna gaba. Na tuna sarai na ji daɗi."

Tun daga ranar ba ta sauke wannan kaya ba. An yanka wa Hassana tabarau nata, amma makaranta ta riga ta wuce ta. Ita kuwa Huseina ta zaɓi ilimin haske a cikin Fiziks, ta yi ta tafiya a kansa har ta zama Dokta, har ta je ƙasar waje ta dawo tana koyarwa. Duk matakin da ta hau, a maimakon murna sai ta kira ni ta ce, "Zulai, wannan ma kujerar mutum biyu ce."

Sau ɗaya na shiga ɗakin gwajinta, lokacin da na je Zariya sarin yadi. Sai da ta sa na cire takalmi, na rufe kai da wata hular leda. Ta nuna mini aikinta. Takan ɗiga wani ruwa da ta haɗa a kan ɗan gilashi kamar farcen babban yatsa, ta ɗora a wani faifai da yake juyawa da gudu har ruwan ya baje ya zama fata, sannan ta gasa a wani ɗan murhun lantarki. Ta ce fatar albasa bargo ce in aka kwatanta da wannan. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, aikin mako ya lalace, sai a sake.

Na ce, "To wannan wahalar duk ta mece ce?"

Ta ce, "Wannan fatar tana da riƙo. In kika ba ta wutar lantarki, abin da ke cikinta sai ya juya ya fuskanci gefe ɗaya. Ko kin ɗauke wutar, haka zai tsaya, ba ya mantawa, sai kin ba shi wata wutar ta juyo da shi. Da irinta ake yin abin da yake ajiye bayani a na'ura. Ni kuma ina so in ga yadda take sarrafa haske."

Na ce, "Ashe mai irin halinki kike toyawa. Ku biyu ba mai mantuwa."

Ta kai mini duka a kafaɗa tana dariya. Sannan ta ba ni wani baƙin tabarau, ta kashe fitila, ta kunna wata na'urar haske da ake kira leza. Ta ce hasken fitila kamar garken awaki ne da aka buɗe wa ƙofa, kowa ya kama gabansa, shi kuwa wannan kamar sahun salla yake, kowa kafaɗa da kafaɗa, shi ya sa yake tafiya siriri bai bajewa. Da shi take auna fatar tata. Ta karkaɗe tsumman goge allo a iska, sai ga koren zare miƙe daga wannan bango zuwa wancan. Na yi salati. Ta ce ko da wasa kada in bari ya shiga idona.

Ɗalibanta da suka zo gaisuwa sun gaya mini wata ɗabi'arta. Ranar farko da za ta shiga sabon aji, ba ta fara darasi. Sai ta yi rubutu ƙanana a allo, ta taka har ƙarshen ɗakin, ta bi 'yan baya ɗaya bayan ɗaya su karanta. Wanda ya kasa sai ta dawo da shi gaba, ta ce gobe ya je a duba idonsa. Suna yi mata dariya a ɓoye, suna cewa Madam ta fara asibitinta. Ba su san daga ina abin ya samo asali ba.

Wata sallah, bayan rasuwar Inna, muna zaune mu uku, Huseina tana ta ba da labarin lezar nan, Hassana ta ce cikin wasa:

"Ke dai kin cika alkawarin Inna, har cokali biyu kike saye. Amma hasken nan da kike cika mana kunne da shi, ina rabona? Ko shi ba a rabawa?"

Muka yi dariya, ban da Huseina. Ta ce, "Wallahi sai kin gan shi, Yaya."

Sai daji ya lalace. 'Yan bindiga suka hana noma, suka hana kiwo, matan da ke kawo ƙaro suka daina zuwa. Muka baro Kazage muka dawo cikin Birnin Gwari. Hanya ta zama sai da rakiyar sojoji, wani lokaci ko da rakiyar ba a tsira. Malam Ja'afaru ya ce matarsa ba za ta hau wannan hanya don kallon fitila ba, ba wanda ya ga laifinsa. Shekarar da aka samu sauƙi, jami'a na yajin aiki, ɗakin gwaji a kulle. Wata shekarar Huseina na ƙasar waje. Ana haka idon Hassana ya fara ja baya, tabarau ya daina yi mata amfani. Da ƙyar aka kai ta asibitin ido a Kaduna. Likita ya ce bayan idon ne ya gaji, ba aikin da zai dawo da shi. Tsakiyar ganinta ya dushe, sai ta gefen ido take ɗan ganin motsi da haske.

Malam Ja'afaru ya kira Huseina a waya a gabana. Ya ce, "Dokta, na ji an ce yanzu da leza ake gyaran ido. Ga ki da ita a ofis."

Ina jin muryarta ta cikin wayar. Ta ce, "Malam, tawa ba ta magani ba ce. Ta awo ce kawai."

Ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri." Bai faɗa da wata manufa ba, amma ta kwana biyu ba ta iya cin abinci ba.

Bara da damina ta aiko atamfa biyu kamar kullum, amma ta haɗo da tsohuwar rigarta da aka rage, ta ce in bi wannan awon. Na shimfiɗa rigar a kan ta Hassana, na ga tazarar da ke tsakani. Ciwon daji ne. Ta ɓoye mana har sai da ya ci ƙarfinta.

Hanya ta ɗan yi sauƙi a lokacin. Mijinta, Abdulfattah, ya kawo ta da kansa, ya ce ta hana shi sakat. Na tare su a gidan Hassana. Da ƙyar take taka ƙasa, amma ba ta yarda kowa ya riƙe mata wata 'yar jaka ba. A ciki akwai ƙaramar leza mai batir wadda take koyarwa da ita, da madubi, da ɗaya daga cikin gilasanta.

Bayan la'asar ta sa na toshe tagar ɗakin Hassana da bargo, na saki labule, na tura tsumma ƙarƙashin ƙofa. Ta zaunar da Hassana a gefe, inda hasken ba zai fuskance ta ba. Ta fara sa mata gilashin a tafin hannu.

"Wannan ni na toya shi, Yaya."

Hassana ta shafa ta ce, "Ai ba komai a kansa."

"Akwai. Hannu ne ba ya ji."

"To aikin shekara da shekaru ke nan? Ni ko turarena ana jin ƙamshi."

Huseina ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta lafa, ta kunna lezar. Ɗan koren ɗigo ya bayyana a bango, kamar ƙwayar gero. Tsakanin hannunta da bangon kuwa ba a ganin komai.

"Kin gani?"

Hassana ta juya kai nan, ta juya can. Ta ce, "Na gani. Kai, masha Allah! Abin gwanin kyau."

"Yanzu fa?"

"Ga shi nan, ina kallo."

Ni ina ganin bangon. Ba komai a kansa. Huseina ta ce a hankali, "Yaya, tun ɗazu na kashe."

Huseina ta ajiye lezar a cinyarta. Ta ce, "Na makara. Kullum sai na makara a kanki." Ta fara lalubar jakarta tana cewa ta manta da tsumman allo, da akwai ƙurar alli da zaren zai fito duka, ɗigon ya yi ƙanƙanta. Ta ce in je in nemo alli ko a makarantar allo ne, ko toka.

Hassana ta ce, "Tsaya. Ƙura yake so ko duk abin da ya tashi a iska?"

"Duk abin da ya tashi."

"Amma ke dai anya boko bai taɓa miki kai ba? Kina ɗakin 'yar Maiturare kina neman abin da zai tashi a iska? Zulai, ɗebo mini garwashi a kasko."

Na kawo. Ta lalubo wani ɗan gwangwani a ƙasan akwatinta. Ragowar haɗin Inna ne na ƙarshe, da ƙaron Kamuku na asali, wanda ta hana kowa taɓawa, ko a bikin 'yarta ba ta ƙona shi ba. Ta barbaɗa a wuta. Ƙamshin gidansu na Kazage ya cika ɗakin, har na ji kamar Inna za ta ɗaga labule ta shigo. Hayaƙi ya tashi ya yi kauri. Huseina ta kunna.

Zaren ya fito tun daga hannunta har bango, kore shar, hayaƙi yana murɗawa a cikinsa. Ta sa na riƙe madubi a ƙarshensa, ta gyara mini hannu, ya karye ya haura rufi. Hassana ta kau da fuska gefe kamar mai jin kunya, tana kallo ta wutsiyar ido. Can sai ta ɗaga yatsa ta bi shi a iska, daga ƙasa, ta karya daidai inda ya karye, ta yi sama.

"Kamar zaren da Inna take kaɗawa," in ji ta. "Amma kore."

Na ga zaren ya ɓace.

"Kin kashe, munafuka!"

Ya dawo.

"Ya dawo."

Ta sake kashewa, Hassana ta sake kama ta. Suka yi ta yi kamar yara, ɗaya na kashewa ɗaya na zagi, suna dariya, ni ina riƙe da madubi, hawaye na zuba, na ce hayaƙi ne.

Da garwashin ya fara mutuwa, Huseina ta jingina da kafaɗar 'yar'uwarta ta ce, "Yaya, ki yafe mini bencin gaba."

Hassana ta ce, "Ni na tura ki, ba ƙwata kika yi ba." Sannan ta ƙara, "Amma tunda yau ranar kama maƙaryata ce, bari in faɗa. Ranar da mota ta tafi da ke makaranta, bayan rumbu na shiga na yi kuka har magariba. Na ji haushinki shekara guda cur. Daga baya ya wuce. Ke ce kika ƙi bari ya wuce."

"To yanzu an raba daidai?"

"Ina fa daidai! Turarena ya ƙare, ke batir kawai kika ƙona."

Ba ta koma Zariya ba. Ta rasu a ɗakin nan kafin a yanke dawa, kanta a cinyar Hassana. Da aka fita da ita, Hassana ba ta yi kururuwa ba. Ta ce, "Ta sake yin gaba ta bar ni a baya." Na rasa inda zan sa kaina, don ni ce dai a gefenta, kamar wancan lokacin da nake jin tana cewa alli ba ya fita ina dariya.

Abdulfattah ya ce lezar tata ce, da kuɗinta ta saya, kuma ta yi wasiyya a bar wa Hassana. Tana cikin akwati tare da gilashin da gwangwanin Inna da ba komai a ciki. Duk Juma'a bayan la'asar nakan rufe shago in je. Hassana ta zuba nata haɗin a kasko, ni in toshe taga in kunna, in kula kada ya fuskance ta. Takan ce in riƙa kashewa ba tare da na faɗa ba, kamar yadda Huseina ta yi, don ta san inda idonta ya tsaya. Watanni tana kama ni.

Juma'ar da ta wuce na kashe. Ta ci gaba da kallon wurin ta gefen ido, tana murmushi, tana bin zaren da yatsa. Na jira ta zage ni, ba ta zage ni ba. Na yi sauri na kunna.

Ta ce, "Yau ba ki kashe ba, Zulai."

Na ce, "Hayaƙin ne ya yi kyau, na kasa."

Allah ya jiƙan Huseina, ya yafe mata, ya yafe mana.